Yadda ake saka wa tsohuwar 504 injin dizal na zamani da bonet ɗin alminiyam na hannu

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san Fijo 504 ba baƙuwa ba ce, a nan Kakuri kamfanin PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya, ya fara haɗa ta tun 1975, kuma ko da Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983 mu nan an ci gaba da fitar da ita har wajen 2006. Shi ya sa har gobe idan ka leƙa lungunan Tudun Wada ko Barnawa ko Unguwar Rimi za ka tarar da wata an ɗora ta kan bulo, injin ya buga, bonet ya ci tsatsa, magada sun kasa sayarwa saboda ta Baba ce. To irin wannan motar nake magana a kai. Idan taka lafiyayya ce, injinta na asali yana tashi bugu ɗaya, fenti bai taɓu ba, don Allah ka ƙyale ta yadda take, darajarta tana cikin zamanta na asali.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, inji ake fara zaunarwa sannan a zo kan bodi. Injin fetur na 504 a kishingiɗe yake digiri 45, shi ya sa hancin motar ya kwanta ƙasa haka, to duk injin da za ka kawo zai fi shi miƙewa tsaye kuma zai fi shi nauyi, kaga kenan shi ne zai faɗa maka tsayin bonet da siffarsa. Wanda ya fara kai mota wurin fanel bita kafin inji ya zauna, kuɗin aiki biyu zai biya.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya

Ka ajiye motar a daben siminti mai lebur, ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen fenda ka rubuta a littafi, wannan awon za ka nema daga baya. Sannan ka shiga ƙarƙashi da sukundireba ka dinga caka, musamman inda shokozoba na gaba suke ɗaure a sama, da ƙasan ƙofofi, da dogayen ƙarafan da suka ɗauki inji. Salun da wagon ba su da shasi daban, bodin ne kansa shasin, saboda haka duk inda ya ruɓe a waɗannan wuraren da ƙarfe ake gyara shi, a yanke a sa sabon falle a yi walda. Alminiyam ba ya shiga nan ko kaɗan. Wurinsa abin da ake kwancewa da sifana ne, bonet, murfin but, fendar gaba, sai fatar ƙofa ga mai haƙuri.

Ka leƙa furofela kuma. Idan a cikin wani dogon bututu take wanda ya haɗe bayan giyabos da aksul, yadda yawancin salun suke, to giyabos ɗinka ba ya matsawa gaba ko baya yadda ka ga dama, inji ne zai bi shi. Wannan kaɗai ya isa ya canza maka lissafi.

Wane inji

Mafi sauƙi a duniya shi ne dizal ɗin 505 mai tabo, 2.5, don kusan gida ɗaya suka fito, amma shi ma tsoho ne kuma samun mai lafiya yanzu sai an tona. Wasu na son na Toyota, 5L na Hiace ko 2KD na Hilux, injina ne masu jimiri ba musu, sai dai dogaye ne masu nauyi, a fikof za su yi ma'ana amma a salun sitiyari zai zama aikin ƙarfi kuma hancin mota zai dinga nitsewa a kwana. Ni abin da na fi yarda da shi 2.0 HDi ne na 406, wanda ake kira DW10, cc 1997, akwai mai ƙarfin doki 90 akwai mai 110. Dalilina ba ya wuce cewa kayansa suna nan a Oriakpata, kasuwar kayan mota, kuma masu wayarin da suka saba da 406 ba su da wuyar samu a garin nan. Matsalarsa ɗaya, a 406 a gicciye yake zaune yana jan tayar gaba, kai kuma za ka juya shi ya kalli gaba ya ja ta baya. Akwai Suzuki Grand Vitara ta farkon shekarun 2000 da ta zo da wannan injin a miƙe, idan Allah ya haɗa ka da ragowarta a Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa, ka kwashe botom filet (kwanon baƙin mai na ƙasan inji) da manifol ɗinta, sun rage maka aikin sati guda.

Wajen saye kar ka yarda da inji tsirara. Ka sayi rabin mota in da hali, ko a ƙalla inji da duk wayarinsa ba a datse ba, da birenbos (kwamfutar inji), da akwatin BSI (kwamfutar wutar cikin mota), da makullin motar, duk daga mota ɗaya, saboda waɗannan ukun suna gaisawa da juna kafin inji ya tashi, in ɗaya baƙo ne kik zai yi ta juyawa ba wuta. In ba su samu ba sai mai kwamfuta ya cire tsaron daga birenbos ɗin, ana yi, amma ka nemi wanda ya taɓa yi ka ga motar tana tafiya. Ka haɗa da sensar totur, da intakula idan mai 110 ne, da gidan filtar mai. A tayar maka da shi a ƙasa kana tsaye, da safe yana sanyi, ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ko yana huci da ƙarfi. Kuma rasit, da lambar inji a rubuce a jiki, da sunan shago. Kar ka bar wurin ba shi.

Tun yana ƙasa ka canza taimin bel da wata-famfo da sil ɗin bayan kiranshaf, yanzu aikin awa biyu ne, in ya shiga mota ya zama na kwana biyu.

Haɗa inji da giyabos

Nan ne aikin yake, sauran duk bi ne. Injin fetur na 2.0 ƙarfin murɗawarsa, wanda ake aunawa da Nm, wajen 160 ne, HDi 90 yana ba da 205, mai 110 kuma 250, kuma yana sakin su tun inji bai kai juyi 2,000 ba. Tsohon giyabos BA7 mai giya huɗu zai ɗauki mai 90 idan ƙafarka na da ladabi, amma in ka samu BA10 mai giya biyar na 505 shi ne daidai.

Giya ta biyar ɗin ba kwalliya ba ce, bari in yi maka lissafi. Tayar 175 mai rim 14 tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya, kenan a gudun kilomita 100 tana juyi wajen 830 a minti. Idan reshiyon aksul ɗinka 3.89 ne, a giya huɗu inji yana juyi sama da 3,200, ga fetur ba komai amma dizal a nan ihu kawai yake yana shan mai. Da giya biyar zai sauko wajen 2,700. Na wagon da fikof reshiyonsu ya ma fi haka gajarta, saboda haka ka ɗaga motar a jak ka sa alli ka ƙirga naka kafin ka yanke shawara.

Tsakanin inji da giyabos sai an yi farantin haɗi. Ka kai su biyun wurin masu injin tana a Tsohuwar Panteka, a yanka faranti mai kauri, milimita 12 zuwa 15, a huda shi bisa fil ɗin saiti na inji da na giyabos, ba bisa ramin noti ba, noti yana da wasa fil ba shi da shi. Tsakiyar kiranshaf da sandar giyabos dole su kalli juna, kuskuren kar ya wuce 0.1 na milimita, a sa agogon awo a juya a gani da ido. Idan mai aikin ya ce maka ai da ido ma yana ganewa, ka yi masa godiya ka ɗauki kayanka. Kuskure kaɗan a nan shi ne kuloci yana karkarwa, giya tana fita da kanta, boris yana mutuwa duk wata uku.

Wani abu da ake mantawa, sandar giyabos ɗin mota mai jan baya tana buƙatar ɗan bushi a cikin gindin kiranshaf da za ta jingina, a 406 ba a bukace shi ba, sai a tana maka na tagulla. Dis ɗin kuloci kuma haƙoransa su dace da sandar giyabos, faɗinsa ya dace da filet da fulawil na HDi, masu lainin suna iya haɗa maka. Kaurin farantin da ka ƙara ya tura komai baya, saboda haka a sake auna tafiyar rilis boris.

Zaunar da shi

A sauke inji da giyabos a haɗe da cen bulok, a ɗaure giyabos a mazauninsa na asali, inji kuma a tokare shi da katako ana dubawa. Shi ma HDi a ɗan karkace yake zama a 406, ka riƙe masa wannan karkatar gwargwadon iko don bakin famfon baƙin mai ya zauna cikin mai. Wurare uku ne za su yi maka gardama. Botom filet zai so ya zauna kan kurosmemba da rak ɗin sitiyari, to botom filet ake yankewa a sake masa siffa, a gyara bututun tsotson mai ya bi shi, ba a taɓa rak, kuma a bar tazarar yatsa ɗaya da rabi don inji yana rawa. Na biyu bayan tof silinda, can famfon iskar birki yake da gidan tamostat, da ka juya injin sai su koma jikin bangon da ke gaban direba, wani lokaci sai an ɗan lotsa bangon. Kar wani ya ce a cire famfon nan, dizal ba ya samar da iskar da sabo ɗin birki yake aiki da ita, in babu shi birki zai zama dutse. Na uku tabo da salansa, ka nisanta su da tiyon birki da na kuloci, ka sa garkuwar zafi.

Injin sit a fara yin sa da kwali, sannan ƙarfe mai milimita 5 ko 6, a ɗiga walda a gwada, sai komai ya zauna a ƙone shi duka. Robar ta zama ta motar dizal, ta fetur ba ta shanye girgizar.

Mai, ruwa, wuta

Tanki a sauke a wanke tas, a ƙara masa bututun dawowar mai. Kar a sa bututun jan ƙarfe ko mai rufin zin a layin dizal. Idan injinka mai tsarin Bosch ne yana son ƙaramin famfon lantarki da zai turo mai daga tanki, na Siemens shi yake jan abinsa. Ka ƙara filta mai raba ruwa da mai kafin ta asali, wannan ba shawara ba ce dole ce, don famfon HDi yana matsa mai har bar 1,350 (bar shi ne ma'aunin matsi) kuma man ne kansa yake shafe shi, gas ɗin 'yan bumburutu da aka sirka da kananzir ko ruwa zai cinye famfo da nozul huɗu a tafiya ɗaya. Kuma kar yaron shago ya sassauta bututun nozul inji yana aiki wai yana fitar da iska irin na tsofaffin motoci, man yana iya huda fata.

Lagireto a sa mai layi da yawa da fankar lantarki, intakula a gabansa. Tamostat a bar shi a ciki, na san al'adar garejinmu ce a cire a jefar, amma birenbos yana karanta zafin ruwa ne ya auna mai, injin da ba ya ɗumi kullum cikin ɓarnar mai yake. Batir a ƙara girma, amfiya 75 zuwa sama, wayar kik da ta at, wato wadda take zuwa jikin bodi, masu kauri saboda hita filog da matsin dizal. Birenbos a cikin mota ƙarƙashin dashbod, nesa da ruwan Agusta. Mai wayarin ya bar maka soket ɗin kwamfuta a inda hannu zai kai, ya kuma rubuta wace waya ce ta je ina.

Yanzu ka sauke motar ka sake awon farko. Idan gaba ya sauka fiye da santimita ɗaya da rabi, a nemi sifirin na 504 ko 505 mai dizal. Ka yi ta yawo da ita ba bonet a cikin layi kwana biyu, sai ka tabbata inji ba zai sake motsawa ba sannan a kira mai bodi.

Alminiyam

Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma taurinsa wajen lanƙwasa ma haka, saboda haka sai an ƙara kauri, ribar da za ka samu a ƙarshe wajen rabi ce, kuma a hanci take inda dizal ya ƙara maka kaya. Falle za ka nema mai lamba 1050 ko 3003, rabin tauri wato H14, kauri milimita 1.2 zuwa 1.5, bonet ya fi son 1.5. Kwanon rufi ya yi siriri, wanda ake narkawa a zuba tukunya kuma fashewa yake in ya ji guduma. In ba lamba a jiki ka yanki ƙyalle ka ninka shi gida biyu, in ya tsage a gwiwa ka bar shi.

Da farko a yi ƙwarangwal na katako. A ɗora dunƙulen laka ko kwali a saman inji mai kaurin santimita 2 zuwa 2.5, wannan ce tazarar da bonet zai bari, sai a yanka filawud tsaye-tsaye duk bayan taƙi ɗaya suna bin layin fenda da tudun da inji ya tilasta. Tudun nan a ja shi dogo ya narke a hankali zuwa gilas, wanda aka yi shi gajere kamar ƙari muni yake. Sannan a shimfiɗa takardar buhun siminti a kai, kamar dai yadda tela yake fitar da fatan, inda takarda ta tattare nan ƙarfe yake son a tsuke shi, inda ta ƙi kaiwa sai an tsaga ta nan yake son a buɗa shi. A zana duk wannan a kan fallen, a yanka da rarar santimita 2 ko 3 a gefe.

Kar a ce za a buga bonet daga falle ɗaya, a raba shi, tudun daban, gefe biyu daban. Kayan bugu ba su da tsada, jakar fata cike da yashi, gudumar katako mai kan ƙwai, da tsohon turmi ko kututture da aka fafe. Buɗawa a kan jakar yashi ake yi, daga tsakiya ana zagayowa waje. Tsukewa kuma a bakin turmi, a tara gefen ya yi tattara sannan a bi tattarar da guduma daga ciki zuwa baki har ta shige cikin kanta. Bayan haka fallen zai fito duk ƙulu-ƙulu, kar gabanka ya faɗi, haka yake. Ana lallashinsa ne da injin murza mai taya biyu na ƙarfe, sama babba ƙasa ƙarama mai doro, ana turawa ana jawowa, 'yan Panteka suna iya ƙera shi in ka nuna musu hoto, abin lura kawai firam ɗin ya yi ƙarfi kuma tayoyin su sha gogi sumul, don duk tabon da ke jikinsu sai ya hau aikin. In babu, guduma mai lebur da dolin ƙarfe, sai dai lokaci.

Kana bugu zai dinga taurara, in ka ji ya daina bin guduma ka tsaya, in ka matsa tsagewa zai yi. Sai a gasa shi. Ka goga sabulun wanki a jiki, ka bi bayan da wutar kabaid a hankali kana yawo da ita, da sabulun ya koma baƙi-baƙi ka kai wajen digiri 350 zuwa 400, ka janye. Hattara, alminiyam ba ya ja kamar ƙarfe, yana nan fari fat har ya kai 660 ya zube maka a ƙasa. Kuma inda za a yi siffa mai zurfi kawai ake gasawa, tsakiyar bonet in ta yi laushi ko yaro ya dafa sai ta lotsa. Duk bayan 'yan bugu a mayar kan ƙwarangwal a gwada, kar a danne shi da hannu a ce ya zauna, sai ya kwanta da kansa.

Haɗa gutsattsarin da waldar agon ake yi, na'urar a kan AC. Baki da baki za a haɗa su ba ɗaya kan ɗaya ba, a goge da burushin silba wanda bai taɓa taɓa ƙarfe ba, a share da tina, saboda fatar da ke saman alminiyam sai ta haura digiri 2,000 take narkewa alhali cikinsa ya daɗe da zama ruwa. Sandar cikawa a yanko siririn zare daga fallen kansa, shi ne zai bi guduma daga baya ba tare da ya fashe ba. A ɗiga duk bayan santimita 2 ko 3, a buga ɗigon ya kwanta, sannan a ja layi gajere-gajere. Tsofaffin hannu suna yi da kabaid da hoda kuma yana kyau, amma a wanke hodar da ruwan zafi da burushi, in ta kwana a ciki cin ƙarfen take.

Inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɓare tsohuwar fatar bonet a bar firam ɗin ƙarfe na ciki da hinjis da makullinsa, a gyara shi ya ba tudu hanya, a naɗe sabuwar fatar a bakinsa. To amma duk inda alminiyam ya taɓa ƙarfe tsirara kuma ruwa ya shiga, alminiyam ɗin ne yake cinyewa, ya zama farin gari, fenti ya kumbura, damina biyu ta isa. Saboda haka firam ya sha faraima da fenti ya bushe, a sa sila ta bodi a tsakani, sannan a naɗe bakin a matakai, kaɗan-kaɗan ana zagayawa, ba a kwantar da wuri ɗaya gaba ɗaya ba. Fenda a sa mata tef ɗin roba a inda ta kwanta, wosha ta roba a ƙarƙashin kan noti, ribit kuma na alminiyam. Ramin noti a ɗan buɗa shi don alminiyam yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe, motar da ta wuni a ranar Maris a Kawo za ta nuna maka. Tazarar bakin bonet da fenda milimita 4 zuwa 5. Fitilu da sigina a ja musu wayar at tasu zuwa bodin ƙarfe, tunda ka raba fenda da roba ba za ta ɗauki wuta ba. Cikin fenda a fesa baƙin kwalta mai kauri saboda tsakuwa tana fito da ƙuraje ta waje.

Fenti kuma, faraimar ƙarfe ta yau da kullum ba ta kama alminiyam, ɓarewa take. A goge da samfefa sabuwa, a share, a fesa faraima mai cin ƙarfe ko ta ifoksi a ranar, sannan fila in ana buƙata, siririya. Mai fentin da ya ɗauko gwangwanin fila zai shafe bonet duka ya mayar maka da nauyin da ka biya kuɗi aka cire.

Sai takardu. Ka ɗauki rasit ɗin inji da takardun mota ka je ofishin rajistar motoci a sauya lambar inji da nau'in mai, VIO su duba, ka sanar da kamfanin inshora. Gwajin farko a baifas da sassafe, ka taka birki da ƙarfi sau da yawa ka ji, ido kan agogon zafi, ka dawo ka bi duk notin injin sit da na farantin haɗi da sifana. In ta yi sati ba ɗigo ba ƙara sai ka miƙa hanyar Zariya, ka tsaya a Maraban Jos ka buɗe bonet ka duba cikinsa ko akwai inda inji ya goga, in akwai za ka ga wurin ya yi ƙyalli, a ƙara tazara a nan kafin ya huda.